Ƙarar Ƙarƙashin Tsohuwar Jif: A Gano Ciwo Kafin A Sayi Magani

Daga wakilinmu a Minna

Duk wanda ya ratsa unguwar Ƙetaren Gwari da ke cikin garin Minna da hantsi, musamman daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, zai iske manyan motocin nan da jama'a suka yi wa kuɗin goro suke kira jif suna jere a bakin garejoji, an ɗage wasu, makanikai da yaransu na kwance a ƙarƙashinsu. Akwai Land Cruiser da Prado da Pajero da Pathfinder, akwai kuma ƙannensu irin su Highlander da RX300 da CR-V, kuma yawancinsu sun kwana biyu a duniya.

Abin lura shi ne da dama daga cikinsu ba ciwon inji ya kawo su ba, domin injin na tashi da bugu ɗaya. Abin da ya kawo su wata ƙara ce da ke fitowa daga ƙarƙashi. Wata gurnani take yi in gudu ya kai kilomita 60, wata sai ta buga "gam" in an sa giya, wata kuwa ta riƙa "ƙwas-ƙwas" duk lokacin da aka sha kwana.

Ga ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin doya na Gwada da Kuta da Paiko, ko mai sayen shinkafa a yankin Bida, ko ɗan kwangilar da ke zagayen duba aiki a ƙauyuka, wannan ƙara magana ce ta kuɗi. Mota ita ce ƙafarsa, kuma ranar da ta kwana a gareji ranar kasuwa ce ta wuce shi. Sai dai babbar asarar da irin waɗannan mutane ke tafkawa ba ta zuwa daga lalacewar ƙarfen kansa. Tana zuwa ne daga gyaran lalube, wato a sauya wannan yau, in ƙarar ba ta daina ba a sauya wancan gobe, har a kashe kuɗin gyara uku a kan ciwo ɗaya.

Yadda tsohuwar mota ta zama jari

Kafin shekarar 1986, ɗan kasuwa mai rufin asiri a Arewa kan sayi sabuwar Peugeot daga kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. A wancan lokaci Dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi kansa ɗan Minna ne, ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar Naira ta soma zubewa, ta yadda zuwa 1993 sai an ba da kusan Naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami Dala ɗaya. Sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam ko 'yar Kwatano.

Daga baya ita ma wannan ƙofa ta riƙa ƙuntata. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar bunƙasa ƙera motoci a cikin gida, wadda ta ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin 100, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta shi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Sa'an nan a 2023 aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki Naira a watan Yuni. Dalar da ake saya kimanin Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024.

Lissafin a fili yake. Kusan duk wani ƙarfe da ke ƙarƙashin jif daga waje ake shigo da shi. In aka ƙaddara kuɗin wani ƙarfe Dala 100 ne, to a farashin farko Naira 46,000 ke nan, a na biyu kuwa Naira 150,000, tun kafin a ɗora haraji da kuɗin dako daga Legas da ribar mai shago. Saboda haka motar da a da mai ita zai rabu da ita in ta fara ciwo, yanzu dole ya riƙe ta, kuma kuskuren da a da ake yi a shanye, yanzu yana iya taɓa jari.

Hanya da damina

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙira a 1976, ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, tana da fiye da murabba'in kilomita 70,000. Mai neman kaya a cikinta dole ya yi doguwar tafiya, kuma wani kaso mai yawa na tafiyar a kan burji ne ko hanyar gona. Manyan hanyoyin kwalta su ma sun sha nauyin da ya fi ƙarfinsu. Misali, lokacin da gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye a watan Yuni na 2017, manyan motocin dakon kaya da tankoki sun karkata zuwa wasu hanyoyi, abin da ya daɗa ragargaza su.

Rami da gargada suna cin robobi da mahaɗai, amma babban abokin gabar ƙarƙashin mota shi ne ruwa. Damina a Minna kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Kowane aksul yana da wata 'yar ƙofar shan iska a samansa. In mota ta yi tafiya aksul ya ɗau zafi, sai direba ya afka cikin rafi ko kwalbatin da ruwa ya shafe, iskar da ke ciki takan tsuke nan take saboda sanyi, ta zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin robar da ke tare mai. Ruwan ya gauraya da mai, man ya koma fari-fari kamar kunu, ya daina kare ƙarfe. Ba a jin komai a ranar. Sai bayan makonni gurnani ya fara. Wannan ne ya sa cinikin masu gyaran ƙarƙashin mota kan buɗe a ƙarshen damina.

Abin da ke tsakanin inji da taya

Ya kamata mai mota ya san sunayen sassan da ake magana a kansu, ko don kada a yi ciniki a gabansa da harshen da ba ya ji. Ƙarfin inji kan fara shiga akwatin giya. A motar da ke jan ƙafa huɗu, daga nan sai ya shiga wani ƙaramin akwati da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wanda direbobi ke kira ogzilari. Daga wannan akwati wani dogon bututun ƙarfe da ake kira furofela ke kai juyi zuwa aksul na baya, wani gajere kuma zuwa na gaba. A kowane bakin furofela akwai mahaɗi mai siffar gicciye, wato kuros, wanda ke ba ta damar lanƙwasa yayin da mota ke hawa da sauka. Doguwar furofela mai gaɓa biyu tana da boris a tsakiya da ke riƙe da ita.

A tsakiyar aksul akwai wani ƙullutu mai kama da tulu. A cikinsa ne ƙaramin ƙarfe mai haƙora, wato finiyon, ke juya babban faranti mai haƙora da makanikai ke kira kirawun, sa'an nan wasu ƙananan giyoyi su raba juyin tsakanin tayar dama da ta hagu, domin a kan kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya. Daga nan shaf ke kai juyi ga kowace taya. Shaf na gaba yana da kai mai ƙwallaye a cikin giris, wanda wata roba mai ninki ke lulluɓe da shi. A ƙarshe akwai boris na ƙafa, wanda taya ke juyawa a kansa.

Dukan waɗannan sassa a ɗaure suke da jikin mota ɗaya, kuma ƙarfe na ɗaukar sauti ya kai shi nesa. Ƙarar da aka ji kamar daga baya take tana iya kasancewa daga tsakiya ta taso. Na'urar kwamfuta da ake maƙala wa motocin da aka ƙera daga 1996 zuwa sama tana karanta abin da ya shafi inji da lantarki ne, ba ta jin kukan boris. A nan kunne da natsuwa su ne kayan aiki.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, wajibi ne mai mota da makanike su fita tare a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, a kashe rediyo, a amsa wasu tambayoyi.

Tambaya ta farko: ƙarar tana bin gudun mota ne ko tana bin juyin inji? In mota na tsaye aka taka totur ƙarar ta fito, to maganar inji ce ko salansa, ƙarƙashi ba shi da laifi. In kuwa sai mota na tafiya, a kai gudun da ƙarar ta fi fitowa, a sa giya a firi na ɗan lokaci ba tare da an kashe inji ba. In ƙarar ta ci gaba yadda take, a fi zargin taya ko boris na ƙafa. In ta ragu ko ta sauya murya, a fi zargin sassan da ke ɗaukar ƙarfin inji.

Ta biyu: tana sauyawa in an taka totur ko an saki? Kukan da ke tashi siriri kamar busa in an taka, ya lafa in an saki, ko kuma akasin haka, alama ce ta haƙoran kirawun da finiyon ko boris ɗin finiyon. Boris na ƙafa bai damu da totur ba.

Ta uku: tana sauyawa in an karkata sitiyari? A kan hanyar da babu kowa, a ɗan karkata dama sa'an nan hagu a hankali. Boris na ƙafa da ya lalace kan ƙara gurnani in nauyin mota ya koma kansa, ya yi sauƙi in nauyin ya bar shi. Yawanci in ƙarar ta ƙaru da aka karkata dama, to boris na hagu ne, ko da yake sai an ɗaga motar an tabbatar.

Ta huɗu: me aka yi wa motar kafin ƙarar ta fara? An sa sabuwar taya? An sauke akwatin giya? An ratsa ruwa? An faɗa rami? Sau da yawa amsar wannan tambaya kaɗai ta isa ta nuna inda za a duba.

Akwai kuma gwajin da ya fi kowane araha, wanda aka fi mantawa da shi. Tayar da ta cinye ba daidai ba, ko mai manyan haƙora irin ta shiga daji, tana gurnani sak irin na boris. A mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In ƙarar ta bi su ta sauya wuri, an huta da sayen boris.

Kowace ƙara da inda ta fi nunawa

"Gam" guda ɗaya lokacin da aka sa giyar tafiya ko ribas yana nuna akwai wasa a wani wuri. Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne kuros. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi, a sa giya a firi, a kama furofela a murɗa ta da hannu. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan. Jan ƙura mai kama da garin tsatsa a gefen kofunansa shaida ce cewa giris ya ƙare, haka nan 'yar ƙarar "ƙii-ƙii" da ake ji in mota na tafiya a hankali. In kuros lafiya yake, sai a duba robobin da inji da akwatin giya ke zaune a kansu, da wurin da furofela ke zamewa tana tsawo da gajarta, wanda shi ma giris yake so.

Kuros ƙaramin ƙarfe ne, yana cikin mafi araha a ƙarƙashin mota, amma sakaci da shi na da hatsari. A jif mai matsakaiciyar taya da ke gudun kilomita 100, taya na juyawa kusan sau 680 a minti ɗaya, furofela kuwa ta ninka haka sau huɗu, wato kusan sau 2,800. In kuros ya tsinke a wannan gudu, furofela kan yi ta dukan ƙarƙashin mota, tana iya fasa akwatin ogzilari ko ta tsinka bututun birki, in kuma bakinta na gaba ne ya faɗo ya caki ƙasa, tana iya kifar da motar.

Jijjigar da ake ji a ƙarƙashin kujera, wadda ke ƙaruwa da gudu, takan fito daga kuros da ya ƙage, ko boris na tsakiyar furofela, ko furofelar da ta lanƙwashe. Haka kuma in an raba gaɓoɓin furofela aka mayar ba bisa yadda suke ba, za ta yi jijjiga ko da komai nata sabo ne. Makanike mai kula yakan yi alama da fenti ko alli kafin ya kwance.

"Ƙwas-ƙwas" a jere lokacin da aka murɗe sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, wannan kan shaf ne na waje. Kusan ko da yaushe labarin daga yagewar roba yake farawa: giris ya fita, yashi ya shiga. In an ga robar ta yage tun ƙara ba ta fara ba, wanki da sabon giris da sabuwar roba sun wadatar. In ƙara ta fara, sai an sauya kan. Kan shaf na ciki kuwa ba ya yawan yin wannan ƙara, sai dai mota ta riƙa karkarwa in an taka totur, ta daina in an saki.

A motar da ke da giyar hannu, ƙarar da ake ji mota na tsaye a firi, wadda ke ɓacewa in an taka kuloci, tana nuna boris na cikin akwatin giya. Wadda kuwa sai an taka kuloci take fitowa, boris ɗin kulocin ne. Bambancin kuɗin gyaran biyun ba kaɗan ba ne.

In an zo ɗaga mota domin saurare, a hau rami ko a girke ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada a yarda yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Motar da ke jan ƙafa huɗu a kullum kuwa, in za a sa mata giya a sama, dole dukan tayoyin huɗu su bar ƙasa, in ba haka ba za ta sauko ta yi gaba.

Ciwon da mai mota ke jawo wa kansa

Na farko shi ne barin ogzilari a kan kwalta. Motoci irin su Hilux da Patrol, da wasu Pathfinder, an yi su ne su ja ƙafa huɗu a cikin taɓo ko yashi kawai. In an sa 4H, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai da juna, alhali a kan kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A taɓo taya kan ɗan zame ta sauke bambancin, a busasshiyar kwalta kuwa sai ƙarafa su murɗe, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana, sarƙa ko haƙoran ogzilari su ci wuya. Land Cruiser samfurin 100 da Prado samfurin 120 suna jan ƙafa huɗu a kullum ba tare da wannan matsala ba, domin suna da abin da ke raba bambancin a tsakiya, amma su ma in aka bar makullin tsakiyar a kulle a kan kwalta, ciwon ɗaya ne.

Na biyu shi ne gauraya tayoyi. Tsadar taya ta sa mutane na sayen ɗaya-ɗaya, wani lokaci ma masu lamba daban. A ƙaddara sabuwar taya ta fi tsohuwa kaurin haƙori da milimita 6. A kowace kilomita sabuwar za ta juya kusan sau 410, tsohuwar kusan sau 416. Daga Minna zuwa Suleja, tafiyar kimanin kilomita 100, bambancin ya kai juyi 600, kuma giyoyin da ke tsakani ne za su shanye shi su ɗau zafi. In bambancin lamba ne ma, abin ya fi haka muni. Ribar da aka ci a wurin mai taya sai a biya ta ninki-ba-ninki a wurin mai aksul.

Na uku shi ne mai. Mutane da yawa ba sa wasa da juyen baƙin mai na inji, amma motar za ta shekara biyar ba a buɗe tulun aksul ba. Haƙoran kirawun da finiyon suna gugar juna da matsi mai tsanani, saboda haka suna bukatar man giya mai lambar GL-5, irin su 80W-90, yayin da akwatunan giyar hannu da yawa GL-4 suke so. A irin waɗannan motoci akan sauya man aksul a kimanin kilomita 40,000, ko nan take in an ga ruwa ya shiga, amma littafin motar shi ne alƙali. Wasu aksul na baya suna da faifan da ke hana taya ɗaya sulɓewa, in ba a zuba musu man da ya dace ba sai su riƙa gurnani a kwana. Tsofaffin CR-V masu jan ƙafa huɗu sun shahara da wannan: aksul na baya kan yi nishi in an murɗe sitiyari, kuma sau da yawa maganinsa juye man a zuba irin wanda kamfanin Honda ya tanada dominsa. Wanda bai san haka ba zai iya sayen aksul sukutum a kan ciwon da lita biyu ta mai za ta warkar.

Ranar juyen mai kuma rana ce ta bincike. Murfin da ake kwancewa a ƙasa yana da maganaɗisu. In aka ga laushin gari baƙi a jikinsa, wannan cin yau da kullum ne. In aka ga ɓarɓashi mai ƙyalli ko gutsuren ƙarfe, to wani abu na karyewa a ciki.

Kasuwar kayan gyara

In an tabbatar da ciwo, sai maganar saye. Kayan da ake sayarwa a Minna kan biyo ta manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Nnewi a Jihar Anambra da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Iri uku ne: sabo na asali mai tsada, sabo na kwaikwayo mai araha, da na Beljiyam da aka ciro daga wata motar.

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayani tun a 1970 cewa a kasuwar da mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya farashin mai kyau ba, daga nan sai masu kaya mai kyau su janye, marar kyau ya cika kasuwa. Da tsofaffin motoci ya buga misalinsa, kuma bayanin ya zauna daram a kan kasuwar kayan gyara. Ba a gane lafiyar tulun aksul da ido. Abin da ke kare mai saye shi ne sharaɗi: a yi yarjejeniya a rubuce a kan rasit cewa in an ɗaura ya yi ƙara cikin kwanaki kaza za a mayar. Mai shagon da ya san kayansa ba ya gudun wannan sharaɗi.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da lissafin haƙora daban, gwargwadon injinta da irin giyarta. Wani tulun yana da haƙora 41 a kirawun da 10 a finiyon, wani 43 da 10. A motar da ke jan ƙafa huɗu dole na gaba da na baya su zo ɗaya. In aka ɗaura wanda bai dace ba, gaba da baya za su riƙa jan juna har ogzilari ya lalace. A ƙirga haƙoran tsohon da na sabon kafin a biya kuɗi.

Game da zaɓi tsakanin gyara tulu da sauya shi, abin dubawa shi ne haƙora. In boris ne kawai ya ci, haƙora na nan lafiya, gyara ya fi araha. To amma aikin na bukatar gwani, domin tazarar da ake bari tsakanin haƙoran kirawun da finiyon a yawancin motocin Toyota ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma da agogon awo ake saita ta, a shafa wa haƙoran launi a ga inda suke haɗuwa. Wanda ya ɗaure da ƙiyasin hannu, motar za ta dawo da kuka. In haƙoran sun riga sun cinye, sabon boris ba zai hana su kuka ba, gara a nemi lafiyayyen tulu.

Kuɗin ganowa

Tushen gyaran lalube yana cikin yadda ake biyan makanike. A al'adar garejojinmu ba a biyan kuɗin bincike, sai kuɗin kwancewa da ɗaurawa, wani lokaci da ɗan abin da mai shago ke saka wa wanda ya kawo ciniki. Makaniken da ya ɓata awa biyu yana saurare, ya gano cewa mai kawai za a juye, ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ce a sauke aksul ya fi shi samu. Tsarin da kansa ke hukunta mai gaskiya.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa abin da aka biya shi ake samu. Zai fi masa riba ya yanka wa makanike kuɗin bincike na daban tun farko, ya bukaci a nuna masa wasan da ke jikin ƙarfen da idonsa kafin a saya, a kuma ba shi tsohon da aka cire. In gyaran babba ne, jin ta bakin makanike na biyu ba raini ba ne. Ya kuma ajiye ɗan littafi a cikin mota yana rubuta ranar da aka juye kowane mai da kilomitar da mota take, kamar yadda yake rubuta shiga da fitar kaya a shago. Irin wannan littafi na ƙara wa mota daraja ranar da za a sayar da ita.

Har ila yau akwai rawar da ƙungiyar makanikai ta ƙasa, wato NATA, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, za su iya takawa, ta hanyar shirya gajerun kwasa-kwasai a kan saita aksul da amfani da kayan awo. Garin da ke da makanikai masu wannan ƙwarewa zai riƙe kuɗin da ke tafiya Kaduna da Abuja neman gyara.

Yawancin sassan da ke ƙarƙashin mota ba sa mutuwar fuju'a. Sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna ba da sanarwa, kuma farashin gyara na hawa ne gwargwadon jinkirin mai ita: yau roba da giris, wata mai zuwa kan shaf, bayan nan kuɗin janwe daga hanyar Kuta da asarar ranar kasuwa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ga mai tsohuwar jif a wannan zamani na tsadar canji, har da aljihu.